Aldantin Baffa Buba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Baffa Buba a Takur ran Asabar bayan la'asar ya san ba a samunsa. Yana nan a falo, kana ma hango ƙafarsa ta ƙasan labule, amma da ka yi sallama jikoki za su ce maka ya yi tafiya. Ba ƙarya yaran suka shirya ba, abin da aka umarce su su faɗa ke nan. Da ya dawo daga masallaci zai zura babbar riga, ya kafa hula, ya fesa turare, ya ajiye fulas ɗin shayi a gefe, ya zauna gaban talabijin ya ce, "To jama'a, ni na tafi Italiya. Mai saƙo ya bayar."

Ƙanin mahaifina ne, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, don haka ina da ikon faɗin abin da zan faɗa. Mutumin nan iyakar tafiyarsa a duniya Makka ce, sai Kano, sai rugagen da ya yi ta zagayawa da allurar shanu lokacin yana malamin dabbobi. Bayan ya yi ritaya babban ɗansa ya kafa masa tauraron ɗan'adam don ya riƙa kallon labarai da wa'azi. Ana haka ya yi karo da wani shiri, inda wani Bature mai kumatu yake yawo gari-gari a Italiya, yana kutsawa madafin tsofaffin mata, yana ci yana lumshe ido. Aikinsa ke nan a duniya, ci. Daga ranar Baffa ya ƙulla abota da shi ba tare da shi Baturen ya sani ba, ya raɗa masa suna Mai Kumatu.

Kallon Baffa ma abin kallo ne. Mai Kumatu bai san bismillah ba, saboda haka duk lomar da zai kai baki Baffa ne yake yi masa. In aka kawo kwalbar giya ko naman alade sai ya kau da kai ya ce, "Direba, nan ba tasharmu ba ce, mu wuce." In aka nuna garuruwansu da ke bisa tsauni sai ya yi tsaki ya ce me aka yi aka yi duwatsu, su zo Dutse su gani, mu har da dabino a gindin namu. In kuwa aka ɗauke wuta ana tsaka da shiri, to mota ce ta lalace a daji. Zai zauna cikin zafi yana gumi, ka ce ya cire rigar ya ce matafiyi ba ya tuɓewa a hanya. Har ya taɓa tambayar liman, da wasa ko da gaske Allah masani, ko ƙasaru ta halatta gare shi ran Asabar. Liman ya ce masa sai ranar da kujerar ta motsa.

Da an gama shiri zai miƙe ya yi miƙa irin ta wanda ya sha zaman mota, sannan ya tsaya yana jira. Dole kowa a gidan ya zo ya ce masa sannu da zuwa, ya hanya. Mu dai muna yi, don in ba ka yi ba har wata Asabar yana ƙorafin yaran zamani ba su da tarbiyya. Mutum ɗaya ce ta ƙi, matarsa Inna, wadda ta raine mu. Ita cewa take wanda bai fita ba ba a yi masa sannu da zuwa, kuma ba za ta fara ƙarya da furfura ba. Shekara da shekaru yana tsayawa a bakin madafi yana gyaran murya, tana ta tankaɗenta kamar ba ta san da mutum ba.

Wata rana a majalisar ƙofar gida aka tambaye shi me ya sa duk ƙasashen duniya ya nace wa wannan. Baffa ya gyara zama ya ce ai 'yan'uwanmu ne, Bahaushe ne ma ya raɗa wa ƙasar suna. Wai a zamanin fatake wani Bakano ya ratsa sahara, ya haye teku, ya sauka wata ƙasa inda duk gidan da ya shiga abu ɗaya ake kawo masa. Da ya dawo mutane suka taru suna tambayarsa me mutanen can suke ci da safe. Ya ce taliya. Da rana fa? Ya ce taliya. Aka ce har da dare taliya? Ya ce, "I, taliya." Shi ke nan suna ya bi ƙasa har yau.

Wani malamin sakandare da ke wurin ya ce a iya saninsa abin a juye yake, abincin ne ya ɗauko sunan ƙasar. Baffa ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ka taɓa zuwa?"

"A'a, Alhaji."

"To ni duk Asabar ina can."

Da abin ya tsaya a nan da mun ji daɗi. Amma ranar da Baffa ya gano yadda mutanen can suke dafa taliya, ranar zaman lafiya ya yi hijira daga gidanmu. Ya ga ba sa karya ta, da tsawonta suke zura ta a tukunya. Ya ga kuma ba sa barinta ta dahu sosai, suna sauke ta da ɗan sauran tauri a tsakiya, wai haƙori ya san an ba shi aiki. Sunan abin, a bakin Baffa dai, aldanti. Ita kuwa Inna taliyarta kowa ya san ta. In 'yar murji ce ita take murza abarta ta shanya a igiya, in 'yar kanti ce ta kakkarya ta gutsi-gutsi, ta dafa ta luguf, ta kwarara manja, ta barbaɗa yaji, ta yanka albasa. A kanta muka tashi, kuma har gobe ban ci wadda ta kama ƙafarta ba.

Baffa ya nemi a yi masa aldanti ko sau ɗaya ne. Inna ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ajiye wa namiji ɗanyen abinci ba, kuma ba da ita za a yi wannan abin kunya a unguwa ba. Ya lallaba, ta ƙi. Ya yi fushi ya ƙi cin abincin dare, ta rufe kwanon ta ajiye, da safe aka ga kwano wayam aka ce ɓera ne. Da lallashi da fushi suka gaza sai ya koma hujja. Ya ce kalmar ma Larabci ce, kuma ta duba ta gani, duk abin da ya fara da "al" mai albarka ne.

"Alkama," in ji shi, yana lanƙwasa yatsu. "Albasa. Alayyafo. Alkaki. Alkubus. Albarka ita kanta."

Inna ko ɗago kai ba ta yi daga turmi ba. Ta ce, "Aljani ma da shi ya fara, Alhaji."

Za ku ce me ya hana shi dafa abinsa da kansa. Ya gwada. Wata rana Inna ta je barka Yalwawa, ta dawo ta tarar da shi tsugune a madafinta ya naɗe hannun riga yana hura gawayi. Mayafinta ta gyara, ta ɗauko kujera 'yar tsugunno, ta fita ƙofar gida ta zauna inda duk mai wucewa zai gan ta. Duk wanda ya tambaya lafiya, sai ta ce lafiya lau, an yi sabuwar amarya ce a ciki tana girki. Kafin ruwa ya tafasa Baffa ya kashe wuta ya fito yana ba ta haƙuri. Tun daga ranar bai sake taka madafin ba, ita kuma ba ta sauko ba. Haka ya zauna da ƙishirwar aldanti a ransa, yana yabon abin da bai taɓa sa wa a baki ba.

Ni kuwa Italiya ta kusa raba ni da matata tun kafin na same ta. Da aka tashi neman min auren Hadiza a Aujara, Baffa ne ya jagoranci tafiya a matsayin uba. Ni na tuƙa su, na ajiye mota a gindin wata tsamiya na zauna ciki, tunda ango ba ya shiga irin wannan zama. Ina nan ina ta addu'a sai na ji murya ta fara tashi daga zaure. Can sai ga yayana Sabo ya fito hula a hannu, ya leƙo ta tagar mota.

"Kai, Baffa ya yi wa surukinka daƙuwa."

Na ce wace irin daƙuwa, ta ci? Ya ce ta zagi, yatsu biyar, a fuska.

Ashe bayan an gama magana lafiya an yi addu'a, sai aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Baffa ya kai loma ɗaya, daɗi ya ratsa shi. Maimakon ya ce Allah ya yi albarka kamar kowa, sai ya yi abin da yake ganin Mai Kumatu yana yi in abinci ya burge shi. Ya haɗe yatsunsa ya sumbace su, ya watsa su waje, suka buɗe tar a saitin fuskar Malam Haruna, mahaifin yarinya. Malam Haruna ya ajiye lomarsa ya ce shi dai bai san laifin da mahaifiyarsa ta yi wa mutanen Dutse ba, da za a biyo shi har gida, a kan tuwonsa, a ambace ta.

Baffa ya shiga bayani, wai a Italiya wannan shi ne ƙarshen yabo. Malam Haruna ya ce to madalla, a je Italiyar a nemo wa yaron mata. Dattawa suka yi ta roƙon Baffa ya ba da haƙuri, ya kafe kai da fata shi ba zai nemi gafara a kan yabo ba. Ni ina mota ina jin aurena yana zubewa kamar ginin ƙasa a damina, wallahi ranar da Mai Kumatu zai faɗo hannuna da ya gane kurensa. Abin da ya cece ni cikin Baffa ne. Da gardama ta ishe shi sai ya jawo kwano, ya cinye nasa, ya jawo na Yaya Sabo ya cinye, ya suɗe har kwanon yana ƙyalli, ya tambaya ko da saura. Malam Haruna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Yauwa. Yabon da muka sani ke nan a Aujara."

Aka ba ni mata, kuma su biyun suka zama aminai. Amma har ƙarshen rayuwar Baffa, in surukina zai ba shi abinci sai ya ce, "Alhaji, sa hagunka a aljihu, damar kuma ina kallonta." Daga baya Baffa ya so ya zagaye Inna ya sa Hadiza ta yi masa aldanti a gidana. Ta durƙusa cikin ladabi ta ce ita ba za ta iya tsallake Inna ba, kuma Italiya ta riga ta yi wa gidansu abin da ya isa.

Sai zancen zaitun, wanda duk Takur shaida ne. Ɗansa ya kawo masa kwalbar zaitun daga Kano. Ya ci ya tara ƙwallayen, ya binne su a ƙofar gida, ya kewaye da tubali don awaki. Ya ce itacen da Allah ya ambata a Alƙur'ani ba zai ƙi ƙasar Musulmi ba. Kullum a wurin yake alwala don ruwan ya sauka a kai. Da damina ta faɗi sai ga tsiro. Baffa ya tara mu kamar an yi haihuwa. Duk mai ido ya ga ganyen darbejiya, irin wadda tsuntsu yake yar da ƙwallonta ko'ina. Da na faɗa masa, sai ya ce zaitun itace ne mai kawaici, in ya zo baƙon wuri kamannin 'yan gari yake ɗauka.

Shekaru suka tafi, itace ya girma ya yi 'ya'ya, ƙanana, kore, masu ɗan tsawo. Aka yi rashin sa'a sun yi kama da na cikin kwalbar. Baffa ya tsinko ɗaya a gaban 'yan majalisa ya ce yau masu musu za su ji kunya, ya jefa a baki ya tauna. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma bawan Allah nan ya haɗiye. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Haka yake ɗanye. Mai Kumatu ma ya faɗa." Ya miƙa wa na kusa da shi, kowa ya tuna yana azumin nafila.

Inna ba ta taɓa musa masa wannan ba, amfaninta take ci. In jika ya yi zazzaɓi sai ta ɗaga murya yadda zai ji ta ce a tsinko mata ganyen zaitun ta dafa a yi wa yaro surace. A hankali sunan ya zauna. Yau in ka hau babur ka ce a kai ka gidan zaitun a Takur, ba mai tambayarka kwatance.

Da ciwon ajali ya zo, abin da ya fara ɗaukewa cin abinci ne. Mutumin da ya cinye kwano biyu a Aujara ya koma ko kunu sai an yi da gaske. Fura ya kau da kai, farfesu ya ce ɗaci. Muka mayar masa da talabijin ɗaki. Ran Asabar ba ya iya zura babbar riga, sai a shimfiɗa masa ita a ƙirji a kafa masa hula, ya ce a hankali, "Na tafi." Inna tana zaune bakin gado da kwano a hannu, tana kallon mijinta yana kallon wani yana ci. Na san ta tun ina yaro, ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai lokacin.

Wata Asabar Inna ta kira ni gefe ta ce na sayo mata taliya 'yar kanti doguwar nan da tumatir masu kyau. Na kawo. Ta tsinko ɗaɗɗoya a bayan ɗaki, ta daka tafarnuwa, ta zuba gishiri a ruwa sai da ya tafasa, sannan ta zura taliyar da tsawonta. Na ga hannunta yana ƙaiƙayin karyawa, ta danne. Na ce Inna, ashe kina kallo? Ta ce shekara nawa tana tsintar shinkafa a bakin ƙofar falo, ido ba a ɗaki take barinsa ba. Ta tsaya a kan tukunya ba ta matsa ba. Can ta tsamo sili ɗaya ta tauna, ta yamutsa fuska ta ce, "Allah ka gani, ba halina ba ne." Ta sauke.

Ana gama shiri ta shiga da faranti da cokali mai yatsu. Baffa ya dubi farantin, ya dube ta, ya sake duban farantin. Na tashe shi zaune na sa masa matashi. Ya yi bismillah, wannan karon ta kansa, ya nannaɗe taliyar a cokali yadda ya ga ana yi shekara da shekaru. Ya kai baki. Ya tauna, ya tauna, ya ƙara taunawa. Duk mun riƙe numfashi.

"Hajiya," ya ce. "Taliyar nan ba ta dahu ba."

"Ita ce aldantin taka, Alhaji."

Ya dubi talabijin ɗin da aka kashe. Sannan ya girgiza kai cikin tausayi. "Allah sarki, bayin Allah. Ashe ɗanya suke ci suna murmushi." Ya tura mata farantin. "Mayar da ita wuta. Ki sa manja."

Inna ta yi dariya har ta dafa bango, mu ma muka yi, har aka kai inda ba ka iya bambance dariyar da kuka. Ta koma madafi ta kakkarya abarta a tukunya da ludayi, ta dafa ta luguf, ta sa manja da yaji da albasa. Ya ci fiye da duk abin da ya ci a makon. Da ta karɓi farantin ba ta fita ba. Ta tsaya a kansa, ta gyara masa hular da ta karkace, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Sai dai yunwa."

Bai ga Asabar da yawa bayan wannan ba. A inuwar zaitun ɗinsa aka yi zaman makoki, ta ɗauke mu duka har da mutanen Aujara, kuma ban ji wanda ya kira ta da wani suna ba. Malam Haruna ya zo ya zauna yana share ido da bakin rawani. Inna har yau ran Asabar bayan la'asar takan sa jikoki su kunna mata shirin, ta zauna a bakin ƙofa da farantin shinkafa, in Mai Kumatu zai kai loma ka ji ta yi masa bismillah ƙasa-ƙasa.

Baffa, wannan karon kujerar ta motsa, ka yi tafiyar gaske. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa mala'ikun rahama ne suka yi maka sannu da zuwa. Allah ya gafarta maka, ya saka maka riƙon da ka yi mana, ya ciyar da kai zaitun na ainihi a inuwar da ba ta gushewa. Ya ba Inna haƙuri, ya haɗa ku a inda ba a rabuwa. Amin.